Kalmar da Nuriyya Ta Ji Kunyar Tambaya

Nuriyya tana durƙushe a gaban murhu tana tuƙa tuwon masara, amma hankalinta ba ya kan tukunyar. Mahaifiyarta, Inna Hannatu, ta yi mata magana daga bakin ƙofar ɗaki cewa tuwon nan zai yi gudaji, ta ce to, ta ci gaba da juya muciya tana motsa leɓe kamar mai bitar hadda. Kalma ɗaya take ta maimaitawa a ranta don kada ta kuɓuce mata kafin Bappa, ƙanin mahaifinta, ya iso.

Gidansu a Rogo Ruma yake, bayan masallacin unguwa. Mahaifinta, Malam Abdulmutalib, shi ne mai unguwa. A zaurensa ake sasanta rikicin iyakar gona da na ma'aurata, kuma a nan ake kawo ƙarar samarin da suka wuce gona da iri a wajen zance. Ba mafaɗaci ba ne, sai dai in ya yanke magana da wuya ya waiwaye ta.

Nuriyya ce autar mata a gidan. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna. Yayyenta duk suna gidajen mazajensu, don haka ita ta ajiye jakar makaranta ta ɗauki jinya. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da abinci a baki, har Allah Ya sa Inna ta miƙe tana takawa da sanda. Kafin nan sa'o'inta sun yi nisa. Ta riƙe Islamiyya da kyau, ta iya ɗinkin hula har ana yi mata layi, amma Turanci ya zube mata, sai 'yan tsirarun kalmomi. Wannan abin yana ci mata rai fiye da yadda kowa ya sani.

Lukumanu kuwa ɗan Karaye ne, mai haɗa wutar sola. Aikin rijiyar burtsatsen masallaci ya kawo shi unguwar, ya ga Nuriyya ta zo ɗiban ruwa, ya yi tambaya, aka nuna masa gida. Yana da difloma daga Kano, yana da fara'a da ladabi ga manya, kuma mahaifinsa Alhaji Liti sanannen ɗan kasuwar hatsi ne. Manya suka shiga maganar, aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan kaka.

Aibinsa ɗaya, harshensa ba ya iya jera zance bai tsoma Turanci ba. Tun zuwansa na farko ya tambaye ta makarantar da ta yi, ta faɗi sunan makarantar, ta yi shiru a kan sauran. Daga ranar ta koyi wata dabara. In ya jefo kalmar da ba ta gane ba, sai ta duba fuskarsa. In yana murmushi ta yi murmushi, in ya ɓata rai ta ce Allah Ya kyauta. Watanni suna tafiya a haka, ba a taɓa kama ta ba.

A ranar da ake wannan tuƙin tuwo, ya zo bayan la'asar suka zauna a kan dakalin ƙofar gida, ita a wannan gefe shi a wancan. Ya gaya mata ya samu aiki a Kaduna, za a sa sola a wasu makarantu, zai yi 'yan watanni, kuma Asabar zai tafi. Da ya tashi tafiya sai ya tsaya yana wasa da makullin babur, ya sassauta murya.

"Nuri, tafiyar nan fa da nisa. Ba za ki ɗan ba ni hug ba kafin in wuce?"

Ta duba fuskarsa, ta ga murmushi, amma wannan karon murmushi ba zai wadatar ba, tambaya ce mai neman amsa. Kalmar ta yi mata kama da jug. Nan take ta raya a ranta cewa wani ɗan'uwan jug ne, irin mai riƙe zafin shayi, wanda matafiyi zai buƙata. Har ta ji nauyin cewa saurayinta zai yi tafiya ba ta tanadar masa komai ba sai da ya roƙa da bakinsa.

Ta ce, "Yau dai ban shirya ba. Amma ka dawo ranar Juma'a, in sha Allahu zan ba ka."

Ya kalle ta da mamaki, ya yi wata 'yar dariya da ba ta saba ji ba, ya tambaye ta ko da gaske take. Ta ce yaushe ta taɓa yi masa ƙarya. Ya hau babur ya tafi yana waiwaye.

Ta so ta tambayi Kausar, 'yar maƙwabtansu da ta gama sakandare, sai ta tuna ranar da Kausar ta yi ta ƙyalƙyala mata dariya a gidan biki saboda ta karya wata kalma. Shi ya sa ta zaɓi Bappa Sanusi, ƙanin mahaifinta, wanda yake koyar da Turanci a sakandare. Shi bai taɓa yi mata dariya ba, kuma kusan kullum a gidan yake cin tuwon yamma tare da yayansa.

Bayan magariba aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Inna tana zaune a kujerarta ta tsugunno, Lantana maƙwabciyarsu ta shigo ɗibar garwashi ta tsaya suna gaisawa. Nuriyya ta ajiye kwanon tuwo da na miyar kuka, ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta ce cikin natsuwarta, "Bappa, don Allah a wane shago ake samun hug? Ko sai an aika Kano?"

Hannun Bappa ya tsaya a saman kwano. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya tambaye ta wa ya aike ta. Ta bayyana masa komai ba tare da ɓoye ko harafi ba: Lukumanu ne ya roƙa saboda zai yi tafiya, ta yi masa alkawarin Juma'a, kuma tana so ta samu mai kyau wanda ba zai fashe a mota ba.

Bappa ya sunkuyar da kai ya ce ta shiga ciki, za su yi magana daga baya. Amma Malam Abdulmutalib ya riga ya ga yadda fuskar ƙaninsa ta canza.

"Sanusi, mene ne shi?"

Bappa ya ce shirmen yaran zamani ne kawai, a ci abinci kada ya huce.

"Ba shirmen na tambaye ka ba. Ma'anarsa nake so."

Bappa ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sannan ya ce a hankali, "Runguma ce, Yaya."

Inna ta yi salati. Lantana ta dafe baki, ta ɗauki kaskon garwashinta ta fice ko sallama ba ta yi ba. Nuriyya kuwa tana nan durƙushe, ta ji kamar an kwara mata ruwan zafi tun daga tsakar ka. A gaban mahaifinta, a gaban Bappa, da bakinta, ta ce ta yi wa namiji alkawarin runguma, har tana neman mai kyau. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, hawaye suka ɓalle.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya janye hannunsa daga kwano ya wanke. Ya tambaye ta a ina aka yi maganar, ta ce a dakali. Ya tambaye ta ko yaron ya taɓa riƙe mata ko da hannu, ta rantse cikin kuka bai taɓa ba.

Ya ce, "Na yarda da ke. Amma wanda ya iya roƙon wannan a ƙofar gidana, ban san abin da zai roƙa a bayan idona ba. Ni da nake yi wa 'ya'yan mutane faɗa a zauren nan."

Ya juya ga Bappa ya ce gobe da safe ya kwashi kayan sa ranar mutanen Karaye ya mayar musu, ya gaishe da Alhaji Liti, ya ce a yi haƙuri. Bappa ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya miƙe ya fita masallaci. Tuwon nan haka ya kwana.

Washegari Bappa ya iske Alhaji Liti a rumfarsa, ana auna masara. Suka keɓe, ya faɗi abin da ya kawo shi da dukkan taushin da zai iya. Alhaji ya sa aka kira Lukumanu daga shagonsa. Da yaron ya ji zancen sai ya fara kare kansa. Ya ce kalma ce kawai, kowa yana faɗinta, a waya ma ana rubuta wa juna ita, wasa ne na masoya, mutanen Rogo ne suka ɗauki abin da zafi.

Alhaji ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "To, tunda wasa ne, ga ni ga baffanta. Faɗa mana da Hausa abin da ka ce ta ba ka."

Lukumanu ya buɗe baki. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi Bappa, ya dubi ƙasa. Gumi ya keto masa a goshi. Kalmar da ta fito masa a sauƙaƙe jiya, yau da ya nemi ya faɗe ta da harshen da aka haife shi a ciki, sai ta gagare shi.

Bappa ne ya katse shirun. Ya gaya wa Lukumanu cewa yarinyar ba ta san abin da ya ce ba. Ta ɗauka wani irin jug ne na shayi, kuma a gaban mahaifinta ta tambayi shagon da ake sayarwa, don tana so ta saya masa mai kyau ya tafi da shi Kaduna. Ya gaya masa yadda ta bar makaranta da dalilin barin.

Lukumanu ya zauna a kan buhun masara ya dafe kansa da hannu biyu. Har Bappa ya tafi bai ɗago ba.

A Rogo Ruma kuwa, kafin azahar labari ya gama unguwa. Kashi biyu aka rabu. Wasu dariya suke yi. In Nuriyya ta nufi injin niƙa sai ta ji 'yan mata suna tambayar juna da ƙarfi ko an kawo sabon kaya a shago, su tuntsire. Wasu kuma, musamman manyan mata, cewa suke yi ai ta san ma'anarsa sarai, da aka ritsa ta ne ta fake da rashin sani, dama 'ya'yan masu yi wa mutane hukunci sun fi kowa. Ta rasa wanne ya fi ciwo, a ce da ita jahila ko a ce da ita mara kamun kai. Ta daina zuwa Islamiyya. Ta daina fita ɗiban ruwa sai da sassafe. Ko mahaifinta in ya shigo gida sai ta shige ɗaki, daga can take gaishe shi.

Amma akwai abin da ya fi duk wannan ci mata zuciya, wanda ba ta gaya wa kowa ba. Ita ce 'yar dariyar nan da Lukumanu ya yi, da tambayarsa ko da gaske take. Ashe ya yarda ta amince. Ashe ya hau babur ya tafi yana ganin ita, Nuriyya, za ta yi masa wannan a ƙofar gidan ubanta. Ya kira wayar Inna ya fi a ƙirga, ta ƙi karɓa.

Alhaji Liti ya turo dattawa, Malam ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa da goro, ya ce maganar ta wuce. Aka sake turowa da limamin unguwarsu, amsar ba ta canza ba. Aikin Kaduna ba zai jira ba, Lukumanu ya tafi.

Wata rana da hantsi Inna ta same ta tana ɗinkin hula tana share hawaye da gefen zani. Ta zauna kusa da ita da ƙyar, ta ajiye sandarta. Nuriyya ta zaci faɗa za a yi mata. Sai ta ji Inna tana cewa ita ce sila, da ba don ciwonta ba da yanzu 'yarta ta gama makaranta kamar kowa, ba wanda zai mayar da ita abin dariya. Nuriyya ta jefar da hular ta riƙe ƙafafun uwarta tana roƙonta ta daina faɗin haka, ko yau aka sake ba ta zaɓi jinyar za ta zaɓa.

Inna ta shafa kanta ta ce, "To in ba kya kunyar jinyata, me ya sa kike kunyar abin da jinyar ta jawo? Da kin ce masa ban gane ba, da shi zai ji kunya, ba ke ba."

Wannan maganar ta zauna mata. Da yamma da Bappa ya zo, ta fito, karo na farko tun ranar, ta durƙusa nesa da shi ta ce tana so ya koya mata karatu daga inda ta tsaya. Bappa ya yi murna har ya kasa ɓoyewa. Ya kawo mata littattafai, suka riƙa zama a inuwar darbejiyar tsakar gida kafin magariba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, duk abin da ba ta gane ba ta tsayar da shi ta tambaya, ko sau nawa ne.

Sai da suka yi nisa sannan ta iya tambayarsa, kanta a ƙasa, ko waccan kalmar zagi ce ko batsa. Bappa ya ce ko ɗaya. Ya ce kalma ce mai tsabta a wurin masu ita. Uwa tana yi wa ɗanta in ya faɗi yana kuka, 'yan'uwa suna yi in ɗaya ya dawo daga doguwar tafiya, ana yi wa wanda aka yi wa rasuwa, miji da mata suna yi a ɗakinsu. Ya ce mu ma muna da abinmu, ba ta ga yadda ake tarbar alhazai ba? Laifin ba na kalmar ba ne, na wurin da aka ajiye ta ne, da lokacin, da wanda aka faɗa wa. Ya ƙara da cewa yana ganin irin haka a ɗalibansa kullum, abin da yaro ba zai iya furtawa da Hausa ba sai ya lulluɓe shi da Turanci, ya ji kamar ba shi ya faɗa ba.

Damina ta wuce, aka yanke gero, aka fara kai rake kasuwa. Ranar da aka sa a da ta zo ta wuce shiru, Nuriyya ta wuni a ɗaki. Masu neman aure biyu suka turo, Malam ya tambaye ta ta bakin Inna, ta ce a ba ta lokaci. Bai matsa mata ba. Inna dai ta gaya masa cewa yarinyar nan har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai allura ta soke ta.

Ranar wata Laraba da safe, zauren Malam cike da mutane ana sauraron rikicin wasu manoma biyu daga Ruwan Bago, sai ga Lukumanu. Ya rame, ya yi duhu. Ba dattijo ko ɗaya tare da shi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya yi sallama, ya samu gefe ya durƙusa. Malam ya amsa sallamar bai ƙara kallonsa ba har aka gama shari'ar. Mutane suka ƙi tashi, kowa ya gane shi. Malam ya ce in magana ce da shi ya jira a watse. Lukumanu ya ce yana roƙon alfarma a bar shi ya yi ta a gaban jama'a, don a gaban jama'a sunan yarinyar ya ɓaci.

Ya fuskanci Malam, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ni ne na tsaya a ƙofar gidan nan na ce wa 'yarka ta rungume ni. Da Turanci na faɗa, saboda na san ba zan iya faɗa da Hausa ba. Ita ba ta san abin da na ce ba, ta ɗauka kayan shayi nake nema. Ban zo don a mayar mini da ita ba, wannan yana hannunka. Na zo ne duk wanda yake zarginta ya ji daga bakina, laifin nawa ne ni kaɗai."

Wani dattijo ya yi gyaran murya, wani saurayi a bakin ƙofa ya fara dariya aka harare shi ya haɗiye. Lukumanu yana durƙushe, hawaye na ɗiga a kan tabarma, bai share ba. Malam ya dube shi. Shi ya san nauyin abin da yaron ya ɗauka, don shekara da shekaru yana zaune a zauren nan, bai cika ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Daga ƙarshe ya sallami mutane, ya ce da Lukumanu shi ya yafe nasa, amma ba shi kaɗai aka ɓata wa ba. Ya ce masa ya dawo bayan la'asar.

A cikin zaure aka yi zaman, Bappa yana bakin ƙofa da littafi a hannu. Nuriyya ta shigo lulluɓe, ta zauna can nesa. Labarin abin da ya faru da safe ya riga ya iso mata ta bakin Lantana, wadda ta shigo da kanta tana ta ba Inna haƙuri kan yaɗa zancen da ta yi. Suka gaisa kamar baƙi. Ya fara neman gafara, ta dakatar da shi.

"Tambaya ɗaya nake da ita. Da na ce maka to, me ka ɗauke ni?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce gaskiya zai faɗa ko da za ta kore shi. Ya ce a kan babur murna ya yi ta yi har Karaye. Amma da ya shiga gida ya zauna, sai wani abu ya tsaya masa a rai, ya riƙa tambayar kansa, dama haka take? Wa ta saba yi wa?

"Ni na roƙa, kuma ni na koma ina zarginki. Wannan ne abin da ya hana ni barci a Kaduna, ba kayan da aka mayar ba."

Nuriyya ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun ranar farko. Ta ji zafin maganar, amma ta san da ya ce mata bai zarge ta ba, da ba za ta ƙara yarda da shi ba har abada. Da ta natsu sai ta ce ita ma tana da nata. Ta gaya masa aji biyu ta tsaya, kuma ta bar shi yana zaton ta gama. Ta ce rabin abin da ya yi ta faɗa mata a dakalin nan ba ta san ko mene ne ba, fuskarsa kawai take karantawa.

Lukumanu ya riƙe baki. Ya ce ke nan duk kalaman da ya yi ta tsarawa tun daga Karaye, yana bita a hanya, iska ce ta kwashe su? Ta gyaɗa kai, dariya ta kusa kuɓuce mata a cikin hawayen. Ya ce to bari ya fara daga farko, da Hausa. Ya gyara zama, ya buɗe baki, sai kunya ta rufe shi, ya kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar ya iya cewa yana son ta, kuma bai taɓa son wata ba haka. Bappa ya yi tari ya juya shafi, ya ce lokacin sallah ya gabato.

Malam bai amince da mayar da maganar auren nan take ba. Ya bar su har bayan azumi, zance a cikin zaure kawai, kuma da rana. Lukumanu bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da Alhaji Liti ya dawo da kaya da kansa, Malam ya kafa sharaɗi cewa yarinya za ta ci gaba da karatu daga ɗakinta har ta gama sakandare. Lukumanu ya ce dama yana da niyyar roƙon haka. Aka ɗaura aure bayan ƙaramar sallah, aka kai amarya Karaye. Kausar ce ta riƙe mata mayafi a mota.

Shekara ta zagayo Nuriyya tana da ciki. Wata safiya tana zaune a benci a wurin awo tare da mata fiye da ashirin, wata nas matashiya tana yi musu bayanin alamomin haɗari. Tana magana da sauri, tana jefa sunayen cututtuka da Turanci, mata suna ta gyaɗa kai. Nuriyya ta duba fuskokinsu, ta gane irin gyaɗa kan nan, don ta daɗe tana yin sa. Kunya ta taso mata kamar da. Duk da haka ta ɗaga hannu.

"Malama, ki yi haƙuri, ban gane wannan na ƙarshen ba. Ki faɗa mana da Hausa."

Wasu suka juyo suna kallonta. Nas ɗin ta tsaya, ta nemi afuwa, ta ce tana nufin in mace ta ga ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani yana dishi-dishi, kada ta jira ranar awo, ta taho nan take. Sai matar da ke kusa da Nuriyya, wata mai tsohon ciki daga ƙauye, ta janye zaninta a hankali ta nuna ƙafafunta. Ta ce tun makon jiya take haka, kuma wancan zuwan ma an faɗi kalmar, ta ji nauyin tambaya. Nan da nan aka shiga da ita ciki, aka kwantar da ita a ranar.

Kunya ado ce, amma tana da wurinta. Lukumanu ya ajiye ta a inda ya kamata ya riƙe ta, ya ari harshen wasu ya faɗi abin da nasa ya hana shi. Nuriyya kuma ta riƙe ta a inda ya kamata ta ajiye, ta ce to ga abin da ba ta sani ba. Duk abin da mutum ba zai iya faɗa da harshen uwarsa a gaban iyayensa ba, wani harshe ba zai wanke masa shi ba. Kuma cewa ban gane ba bai taɓa rage wa kowa daraja ba.

Bayan wata biyu, ana saura kwanaki kaɗan Nuriyya ta haihu, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidansu da kaji biyu a ɗaure da buhun gyaɗa a bayan keke. Ya ce matarsa ce ta aiko shi, ta sauka lafiya, an samu mace. Ta ce lallai ya nemo gidan matar nan da ta yi tambaya a asibiti, ya kuma tambayo sunanta, don shi suke so su sa wa jaririyar.